Ƙarfin Mazakuta Bayan Tiyatar Ciwon Dajin Furostet

Wannan jawabi wani ɗan ƙungiyarmu ne, likita mai aikin tiyatar mafitsara, ya gabatar da shi a taronmu na shekara-shekara. Ganin yawan waɗanda suka nemi a ba su shi a rubuce, muka ga ya dace mu buga shi yadda ya faɗa.



Kafin in shiga magana zan nemi afuwar malamanmu. Da sakatare ya rubuto mini cewa in zo in yi jawabi a kan lafiya, niyyata ita ce in ɗauki hawan jini ko ciwon sukari, in yi bayanina in sauka ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. To amma akwai abin da na daɗe ina lura da shi. Kowace shekara idan an tashi daga wannan taro, sai wani ya ja ni gefe wajen da aka ajiye motoci, ya rage murya, ya ce mini, "Likita, wani abokina ne aka ce za a yi masa aiki, shi ne yake tambaya ko bayan aikin zai iya komawa ga iyalinsa." Bara mutum uku suka yi mini wannan tambaya, kowa da abokinsa. Saboda haka yau na ga gara in amsa wa abokan nan gaba ɗaya. Malamai, ku ne kuka koya mana cewa matambayi ba ya ɓata, don haka ku yi haƙuri da ɗalibinku.

Mece ce furostet?

A gidajen rediyo za ku ji ana cewa sankarar mafitsara. Wannan suna yana ruɗar da mutane, domin ciwon da muke magana a kansa ba a cikin mafitsara yake ba. Akwai wata tsoka mai kamar girman goro, nauyinta wajen giram 20 a jikin saurayi, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, kuma hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Ita ce likitoci suke kira furostet. Maza kaɗai ke da ita, aikinta kuwa shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Yawancin maza idan shekaru suka ja wannan tsoka takan kumbura ta matse hanyar fitsari. Wannan kumburin tsufa ne, ba daji ba ne, kuma aikin da ake yi masa na kankare hanya daban yake da wanda zan yi bayani. Ciwon daji kuwa shi ne idan ƙwayoyin tsokar suka rikiɗe suka shiga hayayyafa ba ƙa'ida. A Nijeriya babu ciwon dajin da ya fi shi kama maza. A Ingila an ƙiyasta cewa cikin maza 8 mutum 1 zai gamu da shi a rayuwarsa, amma cikin baƙar fata mutum 1 ne cikin 4. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, haɗarinsa ya ƙaru.

Idan an gano ciwon tun yana cikin tsokar bai fita ba, ɗaya daga cikin hanyoyin magani ita ce a cire furostet ɗin ɗungurungum, tare da jakunkunan maniyyi guda biyu da ke bayanta, sannan a ɗinke mafitsara da hanyar fitsari. A nan ne tsoron maza yake.

Inda matsalar take

Miƙewar gaba aikin jini ne, amma jinin ba ya zuwa sai an aika masa saƙo. Saƙon yana bi ta wasu jijiyoyi sirara ƙwarai, kamar saƙar gizo, waɗanda suke manne da jikin furostet ta dama da hagu. Ku ɗauki misalin mota: inji lafiya lau, batir cike da wuta, ga mai a tanki, amma wayar da ta tashi daga makulli zuwa sitata ta tsinke. Ko ka kwana kana murɗa makulli ba za ta tashi ba. Haka abin yake ga wanda aka yanke wa waɗannan jijiyoyi. Sha'awarsa tana nan, 'ya'yan marainansa suna aiki, sai dai saƙo ba ya isa.

An fara irin wannan tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo a Amurka a shekarar 1904, a hannun likita Hugh Young. Daga nan har kusan shekara 80, kusan duk wanda aka yi wa aikin yakan rasa ƙarfinsa, likitoci kuma suka ɗauka cewa jijiyoyin ta cikin tsokar suka ratsa, don haka babu makawa sai an tafi da su. A 1977 wani majinyaci ya koma wajen likitansa, Patrick Walsh, a wannan asibiti, ya gaya masa cewa shi kam ƙarfinsa ya dawo bayan aiki. Walsh ya ce a ransa, in dai mutum ɗaya ya tsira, to jijiyoyin ba a cikin tsokar suke ba. A watan Fabrairu na 1981 ya ziyarci wani tsohon likita da ya yi ritaya, Pieter Donker, a birnin Laiden na ƙasar Holan, wanda yake bin diddigin jijiyoyin mafitsara a jikin jaririn da aka haifa babu rai. A nan suka ga da idonsu cewa jijiyoyin a wajen tsokar suke, gefe da gefe. Ranar 26 ga Afrilu, 1982, Walsh ya yi wa wani malamin jami'a mai shekara 52 aiki yana kiyaye jijiyoyin da gangan, kuma cikin shekara guda mutumin ya dawo daidai.

Ku lura, duk wannan ci gaba ya faro ne daga majinyaci ɗaya da bai ji kunyar gaya wa likitansa gaskiyar halin da yake ciki ba.

Gaskiyar lissafi

Ba zan yi muku romon baka ba. Ko da an kiyaye jijiyoyin, ba kowa ne yake komawa yadda yake da ba. A Ingila an yi wani babban bincike mai suna ProtecT a kan maza 1,643 masu shekara 50 zuwa 69, waɗanda aka gano ciwonsu da wuri. An raba su kashi uku: wasu tiyata, wasu gashi da na'urar haske, wasu kuma aka bar su ana sa musu ido da gwaje-gwaje. Kafin a fara komai, kashi 67 cikin 100 ne suke da ƙarfin da ya isa saduwa. Bayan wata 6, a cikin waɗanda aka yi wa tiyata kashi 12 ne kawai suka rage, masu gashi kashi 22, waɗanda ake sa wa ido kashi 52. Bayan shekara 6 lissafin ya koma kashi 17 da 27 da 30. Wato tiyata ce ta fi bugu da farko, sannan shekaru suka riƙa rage kowa.

A 2023 aka fito da sakamakon shekara 15 na wannan bincike. Wajen kashi 97 cikin 100 na mutanen ciwon bai kashe su ba, ko wace hanya aka bi da su, ko da yake ya fi bazuwa a jikin waɗanda aka bari ana sa musu ido. Kusan dukkan mutanen nan Turawa ne, kuma ciwonsu ƙarami ne lokacin da aka gano shi, don haka ba za a ɗora lissafinsu kai tsaye a kanmu ba. Amma darasin a fili yake: wanda aka gano nasa da wuri yana da zaɓi, yana da lokacin yin shawara, wani ma ba ya bukatar wuƙa nan take.

Abubuwa huɗu ne suka fi yanke hukunci a kan ko ƙarfi zai dawo. Na ɗaya shekaru, domin ɗan ƙasa da 60 ya fi wanda ya haura 70 samun dawowa. Na biyu yadda mutum yake kafin aiki. Tiyata ba ta ƙara wa kowa abin da ba shi da shi, kuma ciwon sukari da hawan jini da taba da teɓa duk suna toshe jijiyoyin jini tun kafin likita ya taɓa ka. Na uku ko an iya barin jijiyoyin duka gefe biyu, ko gefe ɗaya, ko kuwa babu ko ɗaya. Na huɗu gwanintar hannun likita.

Wannan na uku shi ne nake so ku riƙe. Likita ba zai bar jijiya ba idan ciwon ya riga ya fasa jikin tsokar ya shiga cikinta, domin aikinsa na farko shi ne ya fitar da ciwon kaf. Girman ciwon a ranar da ka zo asibiti shi ne yake nuna ko za a iya ceton jijiyar.

Labarin wani ɗan'uwa

Shekarun baya wani mutum ya zo wurina, sa'anmu ne, mai iyali da rufin asiri. Gwaji ya nuna ciwon yana cikin tsokar bai fita ba. Na yi masa bayani, ya saurara, daga ƙarshe ya ce, "Likita, amaryata ko shekara biyu ba ta yi ba. Da in zama hoto a gidana, gara in zauna da ciwona." Na roƙe shi ko da ba zai yarda da aiki ba ya riƙa zuwa muna dubawa. Ya ce to, ya fita, ban sake ganinsa ba sai bayan shekara uku, 'ya'yansa suna riƙe da shi saboda ciwon baya. Ciwon ya shiga ƙashi.

A wannan mataki cire furostet ba ya warkarwa. Abin da ake yi shi ne a yanke wa ciwon abincinsa, wato sinadarin mazakuta da 'ya'yan maraina suke samarwa, ko dai da allura ko a cire 'ya'yan marainan. Likita Charles Huggins ne ya gano wannan hanya a 1941, har ta sa aka ba shi lambar Nobel a 1966, kuma tana rage ciwo tana ƙara kwana. Sai dai takan tafi da ƙarfin gaba, ta tafi da sha'awar kanta. Abin da wannan bawan Allah ya guda shi ya tarar, har da ƙari. An gudu ba a tsira ba. Mafi yawan waɗanda suke zuwa asibitocinmu da wannan ciwo a irin wannan hali suke zuwa, shi ya sa mutane suke ganin kamar duk wanda ya shiga hannun likita ya gama. Jinkiri ne ya cuce su.

Kafin ka sa hannu a takarda

Idan har an ce za a yi maka aiki, kada ka sa hannu sai ka yi tambaya. Ka tambayi likita ko a halin ciwonka za a iya barin jijiyoyin, gefe ɗaya ko biyu, da abin da hoton MRI da naman da aka ciro aka auna suka nuna. Ka tambaye shi irin wannan aiki nawa yake yi a shekara, kuma cikin majinyatansa nawa suka dawo da ƙarfinsu. Ka tambaya ko gashi ko sa ido zai dace da kai. Ka gaya masa gaskiyar ƙarfinka na yanzu, ban da cika baki irin na majalisa. Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi.

Da yawa daga cikinmu idan abu ya taso sai a sayar da fili a nufi Indiya ko Masar saboda an ji ana aiki da na'urar da Vinci, wadda aka amince da ita a Amurka tun shekarar 2000. Na'urar tana da amfani, domin jini ba ya zuba da yawa kuma ana saurin sallama. Amma wani bincike da aka yi a birnin Birisben na Ostireliya, aka buga a 2016 da 2018, ya kwatanta ta da aikin hannu na buɗe ciki, bai sami wani bambanci ba wajen dawowar ƙarfin gaba ko riƙe fitsari. Na'ura ba ta aiki da kanta, mutum ne yake tuƙa ta. Ka nemi gwani, ko da wace hanya yake aiki.

Akwai kuma wata dabara da aka fito da ita a birnin Hambug na Jamus, ana kiranta NeuroSAFE. Ana cire tsokar a bar jijiyoyin, nan take a duba gefenta da madubin likita majinyaci yana kwance. Idan gefen babu ciwo a bar jijiyar, idan akwai sai a koma a cire. Gwajin da aka yi a Ingila aka buga a 2025 ya nuna ta ƙara yawan mazan da suka tsira da ƙarfinsu. Ba kowane asibiti ke yin ta ba, amma babu laifi ka tambaya.

Wanda yake son ƙarin haihuwa ya faɗa tun kafin aiki. Bayan an cire furostet da jakunkunan maniyyi, ruwa ba ya sake fita, don haka ciki ba ya shiga ta hanyar da aka saba. Ana iya ɗibar maniyyi a adana a daskare kafin ranar aiki.

Bayan an fito

Ko da likita bai yanke jijiyar ba, ja da zafi da taɓawa sukan sa ta suma, kamar yadda ƙafa take mutuwa idan ka daɗe a zaune, sai dai wannan suman na watanni ne. Farfaɗowa takan ɗauki wata 6 zuwa shekara 2, wani lokaci fiye. Wanda ya yanke ƙauna a wata na uku ya yi gaggawa.

Amma zaman jira kawai yana da illa. Lafiyayyen namiji gabansa yakan miƙe sau 3 zuwa 5 cikin barci kowane dare, kuma wannan ne yake kai wa naman sabon jini. Idan aka yi watanni babu wannan, naman yakan ƙanƙance ya yi tauri, har tsawo ya ragu, ta yadda ko jijiyar ta farfaɗo za ta tarar da wurin ya lalace. A 1997 likita Francesco Montorsi na birnin Milan a Italiya ya gwada yi wa wasu 'yan majinyata allurar buɗe jijiyoyin jini sau uku a mako har mako 12 bayan aiki, ya ga sun fi waɗanda aka bari haka nan dawowa. Daga nan aka fara ɗabi'ar kula da gaba da wuri.

Matakan taimako hawa-hawa ne. Na farko ƙwayoyi, irin su sildenafil da aka fi sani da Viagra, wadda ta fito a 1998, da tadalafil ko Cialis da ta biyo baya a 2003. Waɗannan ƙara wa saƙo ƙarfi suke yi, don haka sai da jijiya mai rai suke aiki, kuma a watannin farko sau da yawa ba sa yin komai. Manyan gwaje-gwaje na 2008 da 2014 ba su nuna cewa shan ƙwaya kullum yana warkar da jijiyar ba, amma tana taimakawa a lokacin da ake shan ta, kuma an ga tadalafil ta rage ƙanƙancewa. Na biyu famfo, wani bututu mai zuƙo jini, sai a sa zoben roba a gindi, kuma kada zoben ya wuce minti 30. Na uku allura da mutum yake yi wa kansa a gefen gaba bayan likita ya koya masa. Jin sunanta ya fi ta ban tsoro, domin bakinta siriri ne kamar na masu ciwon sukari, kuma tana aiki ko babu jijiya. Na huɗu, idan duk waɗannan sun gaza, akwai roba mai famfo da ake dasawa a ciki, wadda Brantley Scott ya fito da ita a Amurka a 1973. Tana da tsada, amma yawancin waɗanda aka yi wa suna gamsuwa.

Gargaɗi biyu. Duk mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya irin su naitirogilisarin ko aisosobaid, kada ya kuskura ya haɗa da waɗannan ƙwayoyi, domin jini zai iya faɗuwa warwas har a rasa rai. Ku kuma yi hattara da kwalaben ƙarin ƙarfi da ake tallarsu da lasifika a tasha da kasuwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan kaya da ake cewa na itatuwa ne zalla, kuma mai sha bai san adadin da ya haɗiya ba. Na biyu, idan gaba ya miƙe ya wuce awa 4 bai kwanta ba, musamman bayan allura, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Abin da ke hannunka kuwa shi ne ka bar taba, ka kula da sukari da hawan jini, ka riƙa tafiyar ƙasa ta rabin awa kusan kullum, ka kuma koyi motsa tsokar da ake matsewa idan ana riƙe fitsari, domin tana taimakawa wajen tsayar da ɗigar fitsari bayan an cire roba.

Maganar iyali

Akwai abin da maza da yawa ba su sani ba. Jin daɗin da ake samu a ƙarshen saduwa ta wata jijiya daban yake bi, wadda tiyatar ba ta taɓawa. Mutum yana iya kaiwa ga biyan bukata ko ruwa bai fita ba, ko ma gaba bai miƙe sosai ba. Wasu kan ga ɗan fitsari ya fito a lokacin, maganinsa a yi fitsari kafin a kwanta.

Abin da na ga yana kashe aure shi ne shiru. Maigida ya dawo daga asibiti ya ƙaurace wa ɗaki bai ce komai ba, ita kuma uwargida ko amarya ta ɗauka an daina son ta, ko an yi mata asiri. Daga nan sai zargi, sai yawon neman taimako, kuɗi su ƙare. Ka tafi da iyalinka wajen likita tun ranar farko, ta ji da kunnenta cewa abin na watanni ne kuma akwai magani. Mai mata fiye da ɗaya ya yi wa kowace bayani da bakinsa, kada wata ta ji a bakin kishiya. A cikin majinyatana, waɗanda matansu suka san halin da ake ciki su ne suka fi jure wa magani har su ga amfaninsa.

Kammalawa

'Yan'uwa, ciwon nan a farkonsa ba ya ciwo, ba ya hana fitsari, ba ya nuna alama. Ana fara gano shi ne da gwajin jini da ake kira PSA, tare da dubawar likita. Hawan PSA ba shi ne tabbacin daji ba, domin kumburin tsufa da ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi, amma shi ne yake nuna wanda ya kamata a ƙara bincika. Ga baƙar fata shawarar da ake bayarwa ita ce a fara maganar gwajin da likita daga shekara 45. In na duba zauren nan, ban ga wanda bai wuce nan ba, har waɗanda muka yi wa sanko suna aji ɗaya.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, cikin kuɗin da muke tarawa na gyaran azuzuwa a ware wani abu, a taro mai zuwa a gayyato ma'aikatan ɗakin gwaji su ɗebi jinin duk mai so, sakamako kuma ya tafi hannun mai shi kaɗai. Ni na ɗauki alkawarin zama da duk wanda nasa ya hau, kyauta. Waɗanda kuma suka saba tare ni wajen motoci, ku gaya wa abokan nan naku su zo da kansu, ƙofata a buɗe take.